Kama da wane ba wane ba ne: yadda aka tantance ciwon ƙirjin Baba

Cututtuka huɗu likitar ta lissafa a bayan takardar Baba a daren da muka kai shi sashen gaggawa, kuma kowacce a cikinsu ta dace da shi. Dattijo ne da ya haura shekara 70, yana da hawan jini, ya sha taba tun yana saurayi kafin ya bari. Ga tari, ga zazzaɓi sama-sama, ga numfashin da ba ya barinsa ya kai ƙarshen magana sai ya tsaya ya yi haki. Idon sawunsa ya ɗan tasa. Ta ce ko dai zuciya ce ta gaza har ruwa ya taru a huhu, ko nimoniya ce ta bakteriya, ko tsohuwar toshewar hanyoyin iska da taba ke barin mutum da ita ce mura ta tayar, ko kuma tarin fuka.

Ni kaina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, amma a wani asibitin daban. Kullum kwalaben jini nake karɓa, in juya su a na'ura, in rubuta sakamako in tura. Ban cika ganin abin da likita ke yi da lamba ba bayan ta bar hannuna. Wannan karon ina tsaye a gefen gado aka karanta ta.

Abin da ya hana a haɗa masa maganin cututtukan huɗu a ga wanda zai kama shi ne magungunan suna karo da juna. Mai nimoniya da zazzaɓi ya busar da shi yana buƙatar ƙarin ruwa. Wanda zuciyarsa ta gaza kuwa, aka ɗura masa leda ɗaya da sauri sai huhunsa ya ƙara cika. Shi maganin sa fitsari yake so, maganin da idan aka ba mai ƙarancin ruwa ƙodarsa ce za ta ji jiki. Ƙwayar sitiroyid tana buɗe ƙirjin mai toshewar iska, amma tana iya buɗe wa tarin fuka ƙofa idan ba a haɗa da maganinsa ba. Akwai ma wasu antibayotik, dangin lebofuloksasin, da ke danne tarin fuka na ɗan lokaci, mara lafiya ya ji sauƙi a yi zaton an gama, alhali gano cutar kawai aka jinkirta.

Abin da aka maƙala masa a yatsa ya nuna iskar oksijin ta yi ƙasa, aka sa masa robar hanci. Na lura nas ba ta buɗe iskar sosai ba. Likitar ta ce a tsayar da shi tsakanin 88 da 92, domin idan toshewar iska ce, yawan oksijin yana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa ya fara gyangyaɗi. Hoton ƙirji bai raba gardama ba: huhun ya yi tsawo ya kumbura da iska, akwai ɗan hazo a ƙasan dama, zuciyar ba ta yi girman da za a ce tabbas ita ce ba.

Sai aka koma ga jini.

Kwalbar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce mai murfi ruwan shunayya, ta roba, wadda nas ta jujjuya a hankali don jinin kada ya daskare. Ta gwajin BNP ce. Ba a zuba wannan jinin a kwalbar gilashi, sinadarin yana saurin lalacewa a ciki. Da yawa idan suka ji an ce homon sai hankalinsu ya tafi kan haihuwa da balaga, amma homon saƙo ne kawai da wata gaɓa ke saki a cikin jini don wata gaɓar ta ji ta yi aiki, kuma zuciya ma tana aika nata. Adolfo de Bold ne ya nuna haka a Kanada a 1981, lokacin da ya tatsi ɗakunan sama na zuciyar ɓera ya yi wa wasu ɓeraye allurar ruwan, suka yi ta fitar da gishiri da ruwa a fitsari. A 1988 masu bincike a Japan suka ciro ɗan'uwan wannan sinadarin daga ƙwaƙwalwar alade. Daga baya aka gane a jikin mutum ɗakunan ƙasa na zuciya ne suka fi yin sa. Idan jini ya yi wa zuciya yawa bangonta ya miƙe, sai ta saki BNP, shi kuma ya sa ƙoda ta zubar da ruwa, jijiyoyi su saki. Huhun da taba ta lalata ko bakteriya ta kama ba ya yin wannan kukan, zuciya ce ke yi. Hikimar gwajin ke nan.

Ma'aunin da ake aiki da shi ya samu karɓuwa ne bayan wani babban bincike da Alan Maisel ya jagoranta, aka buga a 2002, kan mutum 1,586 da suka je sashen gaggawa da sarƙewar numfashi a Amurka da Turai. An ɗauki pikogiram 100 a kowace mililita a matsayin iyaka. Cikin masu gazawar zuciya, 90 bisa 100 sun haura wannan iyaka. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ba zuciya ce ke damunsu ba su ma sun haura. Don haka ƙasa da 100 ana iya cewa da wuya zuciya ce, sama da 400 ana kyautata zaton ita ce, tsakani kuwa sai likita ta sa kai.

Na Baba ya ɗara 100, bai kusanci 400 ba. Ya faɗa tsakiya, inda na fi tsoro.

A nan na ga aikin da ba ya zuwa ɗakin gwaji. Likitar ta ja kujera ta zauna daidai kansa.

"Baba, matashin kai nawa kake kwana a kai?"

"Ɗaya, likita. Ban taɓa ƙarawa ba."

"Numfashi yana tashinka cikin dare, sai ka zauna kafin ka samu sauƙi?"

"Tari dai ke tashina. Numfashin in na motsa ne."

Ta juya kansa gefe ta duba jijiyar wuyansa, ba ta cika ba. Ta danna ƙafarsa da babban yatsa, ta karɓi ledar magungunansa ta zazzage a kan gado. Da ta ga amlodifin, ɗaya daga magungunansa na hawan jini, sai ta ɗaga min shi, ta ce wannan kaɗai ya isa ya kumbura idon sawu ba tare da zuciya ta yi laifin komai ba. Sannan ta bi lambar da dalilai. Shekaru suna ɗaga BNP. Ƙodar da ta ɗan gaji tana ɗaga shi, kuma gwajin ƙodar Baba ya ɗan haura. Huhun da ya daɗe da lalacewa yana wahalar da ɓangaren dama na zuciya, shi ma ya ɗaga shi zuwa irin wannan matsakaicin. Abin da ke ɓoye shi kuwa ƙiba ce: mai ƙiba sosai yana iya zuwa da gazawar zuciya lambarsa ba ta kai ta kawo ba. Baba siriri ne, don haka babu fargabar an ɓoye mana wani abu. Ta yanke cewa ba za ta ba shi allurar sa fitsari ba, ba kuma za ta saki ƙarin ruwa da gudu ba, da safe a yi hoton zuciya. Hoton ya nuna ɓangaren hagu yana bugawa yadda ya kamata, na dama ne ya ɗan takura.

Bari in tsaya in ja kunnen masu kwatanta takardun asibiti biyu. Akwai wani gwajin mai kama da wannan, NT-proBNP, wanda yake auna ɓallin da ya rage bayan an yanke homon ɗin daga uwarsa. Lambobinsa sun fi girma nesa ba kusa ba. A ciwon gaggawa ƙasa da 300 ne ke kore gazawar zuciya, iyakar tabbatarwa kuma tana tafiya da shekaru: 450 ga wanda bai kai 50 ba, 900 daga 50 zuwa 75, sai 1,800 ga wanda ya haura 75. Na sha ganin 'yan'uwan mara lafiya sun tayar da hankalinsu don sun ga 700 a wata takarda bayan 150 a wata, alhali gwaji biyu ne daban.

Ƙofar zuciya ta rufu, ko a ce an saya ta. Saura tambayar da ta fi wuya: bakteriya ce ko bairos?

Gwaji na biyu shi ne prokalsitonin, PCT a takarda. Shi ba cikakken homon ba ne, ɗanyensa ne. A lafiyayyen mutum wasu ƙwayoyin halitta a tayirod da ke wuya ne ke yin sa, su yanke shi ya zama kalsitonin, abin da ke tsallakowa cikin jini bai kai nanogiram 0.05 a mililita ba. Idan bakteriya ta yi wa jiki kamu mai tsanani sai al'amari ya canja: hanta, huhu, ƙoda, har kitse, kowa ya shiga yin sa ba tare da yankewa ba, ya cika jini. A 1993 wasu likitoci a Faransa suka ba da rahoton haka a jikin yara masu mummunan ciwon bakteriya. Abin da ya sa yake da amfani wurin bambancewa shi ne, idan bairos ne ya shiga, jiki yana sakin wani sinadarin kariya, intafero gama, wanda ke danne wannan hauhawar. Yakan fara tashi cikin sa'o'i kaɗan, ya kai ƙololuwa cikin kwana guda, kuma idan magani ya kama yana raguwa da kusan rabi kowace rana. Bayan an juya jinin an ware ruwansa, na'ura ba ta wuce minti 20 ba ta fitar da lamba.

Iyakokin da aka saba da su daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka fito, daga aikin Mirjam Christ-Crain da Beat Müller da abokan aikinsu. A bincikensu na 2004 kan mutum 243 masu ciwon ƙirji, bin lambar PCT ya rage shan antibayotik da kusan rabi ba tare da marasa lafiyar sun fi wahala ba. Ƙasa da 0.1, bakteriya da wuya ƙwarai. Ƙasa da 0.25, ba a ƙarfafa ba da maganin. Sama da 0.25 a bayar, sama da 0.5 a bayar ba tare da jinkiri ba.

Na Baba bai kai 0.25 ba. Na ɗauka shi ke nan an huta da antibayotik. Sai na ga an rataya masa shi a wannan daren.

Na tambaye ta dalili, ta amsa ba tare da ta ji haushi ba. Ta ce: "Malam, kai ka san lokacin da aka ɗebi jinin, ni kuma ban san lokacin da ciwon ya fara ba. In bakteriya ce ta shigo da yamman nan a kan murar da yake fama da ita, lambar ba ta gama tashi ba. Dattijo ne, iskarsa ta yi ƙasa, ga hazo a hoto. Ba zan jira ba. Gobe mu sake aunawa." Maganarta ta yi daidai da ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji da na cututtuka masu yaɗuwa na Amurka suka fitar a 2019, cewa idan hoto da alamomi sun nuna nimoniya a fara magani ko da PCT bai tashi ba. Ta kuma sa aka ɗauki jinin zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma idan ya yi tsanani yana ɗaga PCT, kamar yadda babbar tiyata, ƙuna, mummunan rauni da gazawar ƙoda ke yi. Lamba mai yawa ba kullum take nufin nimoniya ba.

Kafin gari ya waye aka goga masa auduga a can cikin hanci, ya kuma yi kaki a ɗan kofi. Kakin fari ne mai kumfa, ba kore ba, ba ruwan ɗorawa ba, ita ma wannan ta rubuta. An sa shi a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana neman ƙwayar tarin fuka cikin kamar sa'a biyu. Ba a samu ba. A nan homon ba shi da hurumi: mai tarin fuka yawanci PCT ɗinsa ba ya tashi kamar na mai nimoniya, don haka ƙaramar lamba ba ta wanke kowa daga tarin fuka. Sai da wannan sakamakon ya fito ta rubuta ƙwayar sitiroyid ɗin, firednisolon, miligiram 40 na kwana 5, tare da maganin shaƙa. Audugar hanci kuma ta nuna bairos ɗin mura mai tsanani, infuluwenza, aka ƙara masa maganinsa.

Washegari aka sake PCT. Bai motsa ba. Zazzaɓi ya sauka, Baba ya fara kai ƙarshen magana. Likitar ta soke antibayotik.

A nan aka kai ruwa rana, ba da likita ba, a tsakaninmu. Yaya ta ja ni waje ta ce ita tun tasowarta ta san ba a yanke antibayotik a tsakiya, wane irin asibiti ne wannan da za su fara su bari. Umma ba ta ce komai ba, amma kallon da take min ya nuna tana bayan Yaya. "Kai da kake aikin, ka yi musu magana mana," in ji Yaya. Na ce mata ƙarasa magani ana yin sa ne idan akwai ƙwayar da ake kashewa. Gwaji biyu a jere sun ce babu alamarta, an kuma kama ɓarawon da ya shigo. Ci gaba da maganin gudawa kawai zai iya jawo masa, ya kuma koya wa ƙwayoyin da ke jikinsa jure magani, ga mutumin da ƙirjinsa zai sake tashi wata rana ya buƙaci maganin da gaske. Ta yarda rabi da rabi. Ni kaina a daren ban yi barcin kirki ba, ina ta taɓa goshinsa.

Ra'ayina bayan na ga abin da idona shi ne, PCT ya fi iya faɗin lokacin tsayawa a kan lokacin farawa. Ga wanda nimoniyarsa ta tabbata ma haka ake amfani da shi: ana bin lambar, idan ta faɗi da kashi 80 daga ƙololuwarta ko ta sauka ƙasa da iyaka, a duba yiwuwar dakatarwa. Kuma ba ko'ina gwajin ke kawo sauyi ba. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a asibitoci 14 na Amurka, mutum fiye da 1,600, aka tarar ba wa likitoci sakamakon PCT bai rage yawan antibayotik da wani abin a-zo-a-gani ba. Lamba ba ta soke magani, sai an samu likitar da za ta sake aunawa, ta duba mara lafiya, ta ɗauki biro.

Tsugune ba ta ƙare ba. A takardar jinin farko akwai wani layi da ni ban ba shi muhimmanci ba saboda hankalina yana kan waɗancan biyun: sodiyom, gishirin jini. Ya kamata ya zauna tsakanin 135 da 145, na Baba ya sauka ƙasa da 130. Likitar ta zagaye shi da jan biro tun daren farko. Da ya samu sauƙi ta kira ni gefe ta ce akwai homon na uku da take tunani, ADH, wanda aikinsa shi ne hana ƙoda zubar da ruwa. Idan ya yi yawa ruwa ya taru, gishirin jini ya tsinke. Ba a cika auna shi kai tsaye ba, sawunsa ake bi: a gwada kaurin jini da kaurin fitsari da gishirin da ke cikin fitsarin. Ciwon huhu kowane iri yana iya tayar da shi, haka ma ɗaya ƙwayar hawan jinin da Baba ke sha, dangin tayazaid, tana saukar da sodiyom musamman ga tsofaffi. Amma ga tsohon mashayin taba dole a tuna da sankarar huhu.

Bayanin da ta yi min a tsaye a bakin ɗaki ya fi duk abin da na karanta zama a kaina. Sankarar huhu ba iri ɗaya ba ce, ko da a hoto suna iya kama. Akwai mai ƙananan ƙwayoyin halitta, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na masu cutar ba, tana saurin bazuwa, kuma ita ce ta shahara da ƙera homon ɗin da ba nata ba. Takan yi ADH ta saukar da sodiyom, wani lokacin ta yi wani homon mai suna ACTH har kotisol, homon ɗin da jiki ke saki lokacin takura, ya yi yawa, sukari da hawan jini su birkice, fotasiyom ya faɗi. Wata irin kuma, wadda ke tasowa daga shimfiɗar manyan hanyoyin iska, takan saki wani sinadari mai kwaikwayon homon ɗin faratayirod da ke daidaita kalsiyom a jini, kalsiyom ya hau, homon ɗin na ainihi kuma ya yi ƙasa. Bambancin yana da nauyi, domin ta farko galibi da magani da hasken ƙona sankara ake tunkararta, ta biyu idan an kama ta da wuri ana iya yanke ta. Duk da haka ta nanata min cewa homon nuni kawai yake yi, sunan sankara sai an ciro tsoka an duba a madubin likita.

Kalsiyom ɗin Baba lafiya lau. Aka dakatar da tayazaid, aka ɗan taƙaita masa shan ruwa, sodiyom ya riƙa hawa a hankali, don ba a so a gyara shi da gaggawa saboda ƙwaƙwalwa. Kafin sallama ya koma daidai. An yi masa hoton siti sikan duk da haka. Babu ƙari. Abin da aka gani shi ne ƙananan jakunkunan iska a saman huhu sun yayyage sun haɗe, aikin taba na shekara da shekaru, hazon ƙasan dama kuma ɗan ɓangare ne da majina ta toshe ya lotsa.

Bayan wasu makonni muka koma don gwajin ƙarshe, wanda babu jini a cikinsa. An matse masa hanci da ɗan maƙali, aka ba shi bututu ya cika ƙirji ya busa iya ƙarfinsa, ma'aikaciyar tana ta "ci gaba, Baba, ci gaba, kada ka tsaya" har fuskarsa ta yi ja. Aka ba shi maganin shaƙa, aka jira kwatan awa, ya sake busawa. Ana raba iskar da ta fita a daƙiƙar farko da jimillar wadda ta fita. Idan bayan shaƙa magani abin bai kai 0.7 ba, toshewar ta zauna, ita ce ake kira COPD. Mai asma yawanci busawarsa takan ƙaru sosai bayan maganin, da kashi 12 da mililita 200 ko fiye. Ta Baba ta ɗan motsa kawai, kuma tana ƙasa da 0.7. A ranar cutar ta samu suna.

Likitar ta sa aka sake ɗibar jinin BNP a wannan zuwan, yana zaune lafiya ba ya haki. Baba ya ce, "Likita, ai na warke, jinin kuma na mene ne?" Ta ce tana so ta san lambarsa ta ranar lafiya, domin duk ranar da ya sake zuwa da dare, wanda ke bakin aiki ya samu abin kwatantawa maimakon iyakar da aka yi wa kowa da kowa. Ta fito ƙasa da 100. Ta rubuta ta a katinsa da sunan gwajin a gefe don kada a rikita shi da ɗaya, ta canja masa maganin hawan jini, ta rubuta maganin shaƙa mai dogon aiki da allurar rigakafin mura da ta nimoniya, sannan ta ba shi ranar da zai dawo ya sake busa bututun.